Durƙuson da Na Kwaso Daga Turai

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aiki a bakin tashar jiragen ruwa ta Jidda, a wani kamfanin fito da kaya. Aikina na baki ne da takarda. In matuƙin jirgi ya zo da Faransanci, ni ake kira. In Turanci ne, ni. In Larabci ya yi wa wani ɗan kasuwar Kano tsauri, nan ma ni. Faransancin a makarantar Maraɗi na same shi, Turancin kuwa a bakin ma'aikatan jirgi na tsinto shi, shi ya sa har yau akwai ƙamshin man inji a jikinsa. Aikin ya kai ni Marsel da Istanbul da Bombai da Iskandariyya, kuma duk inda na je na dawo sai na ishi mutane da “a can ba haka ake yi ba.” Maiɗakina takan ce tun ranar da na fara hawa jirgi ba ta sake dafa shinkafar da ba a fi ta a wata ƙasa ba.

Da na haura sittin sai aka sayar da kamfanin. Sababbin masu shi suka yi mini godiya mai yawa, suka ba ni agogon bango, suka ce wayar hannu ma yanzu tana tafinta. Wanda bai zauna ƙasar nan ba zai ɗauka aiki kawai na rasa. A'a. Iƙama, wato takardar zama, a jikin aiki take rataye, aikin kuma a hannun kafili, mutumin ko kamfanin da ya tsaya maka. In ba wanda ya karɓe ka kafin wa'adinta ya cika, sai ka ɗaure kaya. 'Yarmu a nan take aure, jikokinmu a nan aka haife su, mu kuma a unguwar Madain Fahd muka tsufa, a gida ɗaya, har mai gurasar layinmu ya san wacce nake so ba sai na faɗa ba. Ban san inda zan kai matar da ta ce mini, ba da wasa ba, “Ni dai daga nan sai maƙabarta.”

Ana cikin haka aka gayyace ni wata walimar aure. Bayan an ci an ƙoshi aka shiga hirar zafin gari, ni kuma bakina da ba ya gajiya ya ɗauko labarin duwatsun Faransa, inda na taɓa yin kwana goma a cikin dusar ƙanƙara. Na ba da labarin yadda Turawa ke ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa su sulalo daga kan dutse, da yadda ake karɓar baƙo a wajen, ba hayaniya, ba jira, kowa ya san aikinsa. A gefena akwai ɗan wani tsohon abokina, mutum mai shekara arba'in da wani abu, haifaffen Jidda, wanda kakansa da ƙafa ya zo aikin Hajji bai koma ba. Hausarsa rabi ce, sauran rabin Larabci ke cikawa. Ya matso ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, “Ya ammi, wallah kai nake nema.”

Ashe shi ne mudir, wato manaja, na wani gidan ƙanƙara da aka buɗe a cikin wani katon rukunin shaguna. Ɗaki ne makeke da aka mayar firji, inji na zubo dusar ƙanƙara, an yi ɗan tudu da mutane ke hawa su zamo a kan gajerun katakai. Yana da masu gyaran inji, yana da mai koyar da zamiya, abin da ya rasa shi ne wanda zai riƙe ɗakin karɓar baƙi na maza, inda ake ba su rigar sanyi da takalmi. Ya ce wata uku na gwaji. In komai ya tafi daidai, kamfanin zai karɓi kafalancina. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya zo wurin masu abin.

Gara in faɗi gaskiya a nan, tunda ban faɗe ta a walimar ba. Kwana goman nan ban taɓa ɗora ƙafata a kan katakon zamiya ba. Tsohon maigidana ne ya tafi hutu da iyalinsa, ya ɗauke ni saboda Faransanci. Aikina in tsaya a shagon hayar takalmi in fassara lambar ƙafar kowa, in riƙe jakunkuna, in sun fita in zauna kusa da abin ɗumi ina shan shayi har su dawo. Dutsen ta taga na san shi. Amma shagon takalmin, wannan kam na haddace shi. Akwai wani tsohon Bature a ciki, gashinsa fari fat, wanda duk wanda ya shigo, babba ko yaro, sai ya zaunar da shi a benci, ya durƙusa a gabansa, ya kama ƙafarsa ya zura a takalmin, ya ɗame maɗauran ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Takalmin zamiya kamar turmi yake, ya kai tsakiyar ƙwauri, kuma in bai kama idon sawu ba, ƙafa kan juya a cikinsa a samu targaɗe ko karaya. Durƙuson tsohon nan ya zauna mini a rai shekaru masu yawa. Na ce wannan ita ce wayewa: mai furfura a ƙasa, baƙo a sama.

Ran da na kama aiki na tara ma'aikatan ɗakin, su huɗu, na yi musu lacca da harsuna uku. Na ce baƙo sarki ne. Na ce ba a miƙa masa takalmi a juya baya. Na ce shugaba shi ke fara durƙusawa, don haka su zuba ido su gani. Suka gyaɗa kai irin na mutanen da suka saba ganin sababbin shugabanni suna zuwa suna wucewa.

Baƙon farko wani Balarabe ne matashi, da farar jallabiya da turare. Na zaunar da shi da murmushin da na aro daga Faransa, na tattare rigata, na kai gwiwa ƙasa. Ya yi zumbur ya miƙe kamar ya zauna a kan garwashi. “Astagfirullah, ya ammi!” Ya kama kafaɗuna biyu yana neman ɗaga ni, ya sumbaci goshina, ya fizge takalmin ya koma can lungu yana fama da shi shi kaɗai. Na ce wa ma'aikatan bai saba ba ne, za su saba.

Larabawa ma da sauƙi. Namu ne suka ƙarasa ni. Labari ya bazu a unguwanni cewa akwai dattijon Bahaushe a gidan ƙanƙara, sai ga su ranakun Juma'a da Asabar, haifaffun Jidda da sababbin zuwa, likitoci da direbobi da masu aikin sito a unguwar Khumra. Bahaushe bai san yadda zai zauna a benci mai furfura na durƙushe a gabansa ba. Ina kai gwiwa ƙasa, shi ma sai ya zame daga bencin ya durƙusa.

“Baba, ina wuni?”

“Lafiya lau. Koma ka zauna, kawo ƙafar.”

“Ina gajiya, Baba? Yaya iyali? Yaya sanyi?”

“Sanyi lokacinsa ne. Kawo ƙafar.”

“Haba Baba, ka rufa mini asiri. Uwata ta ji wannan ai sai ta tsine mini.”

Sai mu kasance mu biyu a ƙasa, takalmi a tsakaninmu, kamar masu neman aure. Shi ba zai tashi ba sai na tashi, ni kuma gwiwata ba ta tashi da wuri. Sau da yawa baƙon da na zo yi wa hidima shi ke ɗaga ni, ya kakkaɓe mini riga, ya zaunar da ni a inda ya kamata ya zauna, wani ma har ya tambaya ko a kawo mini ruwa. Layi ya yi tsawo har bakin ƙofa. Ɓangaren mata, wanda wasu mata uku ke riƙe da shi ba tare da sun taɓa zuwa Faransa ba, sai su sallami mutum ashirin mu ba mu gama da biyar ba, matan su shiga ƙanƙara su fito mazansu na nan suna gaisawa da ni.

Mai hankali da ya tsaya nan ya yi tunani. Ni sai na ƙara ƙaimi. Na ɗauka jahilci nake yaƙa. Na sayo abin ɗaure gwiwa. Na hana ma'aikatan taɓa baƙo in dai ina wurin, don kada darasin ya ɓaci. Abin da ban lura da shi ba shi ne mutane sun gano dabara: suna karɓar takalmin su zura ƙafa da sauri kafin in iso, su sauke wandon sanyi a kansa, su ce, “Na ɗaure, Baba, Allah ya saka da alheri.” Ni kuma in yi murmushi in ce a sauka lafiya, don baƙo sarki ne, ba a ƙaryata shi.

A cikin wata na uku wani injiniya ya zo, ɗan Najeriya, ƙato, mai fara'a, ya kawo baƙinsa biyu da suka zo Umara. Na nufe shi da takalmi, ya tare ni da hannu biyu.

“Baba, in ka durƙusa wallahi fita zan yi. Ka haife ni fa.”

“Aikina ne, ɗana. A Turai ma…”

“Turai ba su da iyaye, Baba. Na ɗaure, dubi.”

Ya buga ƙafa a ƙasa sau biyu, ya yi dariya, ya wuce. Ta gilashi nake kallonsa lokacin da ya hau tudun, ya ɗaga wa baƙinsa hannu don su ɗauki hoto. Bai kai rabi ba ƙafar dama ta juya a cikin takalmin, katakon ya yi nasa wuri, shi ya yi nasa. Da aka shigo da shi maɗauran takalmin huɗu duk a buɗe suke, suna reto. Targaɗe ne, Allah ya taƙaita, amma idon sawun ya kumbura kamar gwanda. Abin da ya fi ci mini rai, yana cije leɓe yana ce wa mudir, “Laifina ne, kada ku ga laifin Baba.”

Washegari da safe mudir ya kira ni ofishinsa. Da kansa ya zuba mini gahawa, abin da ya ƙara tayar mini da hankali, don na san ba a yi wa rago irin wannan kiwo a banza.

“Ya ammi, kai kamar babana ne, wallah. Amma masu kamfani sun ga hoton kyamara. Sun tambaye ni, wannan shaibin, tsohon nan, me yake yi a ƙasa?”

“Hidima nake yi irin ta ƙasashen da suka ƙirƙiro abin.”

“Tayyib. Amma can dutse ne, nan kasuwa ce. Saura sati uku. In layi bai tafi ba, ko wani ya sake faɗuwa da takalmi a buɗe, halas, ba zan iya sa hannu ba.” Ya sunkuyar da kai. “Kada ka sa ni in zama wanda ya kori abokin babana daga Jidda.”

Na dawo gida bayan azahar na tarar maiɗakina a kicin, zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno tana gyaran molohiya, wato lalo. Kujerar nan daga gida ta zo da ita tun tana amarya, ta yi baƙi ta yi santsi. Na zayyana mata komai, na ƙare da cewa mutanenmu ba su san darajar hidima ba.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Alhaji, shekara arba'in muna tare, ka taɓa ɗaure mini takalmi?”

“Ke baƙuwa ce?”

“To su ma ba baƙinka ba ne, 'ya'yanka ne. Ka je ka zube a gabansu kamar mai neman gafara, me kake so su yi? Su taka ka?”

“A Faransa…”

“Sai ka je Faransa su ba ka iƙama.”

Ta ci gaba da tsinke ganyenta, can ta ce, “Ka tuna maɗorin garinmu? Wa bai kama wa ƙafa ba? Har hakimi. Ka taɓa ganin wanda ya ji kunyar miƙa masa?”

Na tuna shi sarai. Tsoho ne mai faɗan tsiya, yana zaune a ƙofar gidansa a kan guntun turmi, ba ya tashi don kowa. In an kawo mutum sai ya fara da zagi: me ya kai ka kan bishiya, kai biri ne? Mutum na ba da haƙuri, shi kuma ya riga ya ja ƙashin ya mayar. Ƙasa yake zaune, ƙafar mutane a cinyarsa, amma ba wanda ya taɓa ɗauka shi ne a ƙasa.

Na ce, “Wato in je in riƙa yi wa masu biyan kuɗi faɗa?”

Ta ce, “Abin da ka fi iyawa ke nan. Mu da ba ma biya ai mun sha.”

Da safe na fita da kujerarta a hammata, tana bina da “aro ne fa, Alhaji, aro.” Na ajiye ta a bakin ƙofar da ake bi a shiga ƙanƙara, inda ba mai wucewa sai ta gabana. Na ce wa ma'aikatan laccar da na yi musu an ɗage ta, su raba takalma, su taimaki wanda ya nema, amma kowa sai ya biyo ta wurina. Ɗayansu ya tambaya da ladabi ko baƙo har yanzu sarki ne. Na ce sarki ne, amma an naɗa masa waziri.

Na farko wani Bahaushe ne dogo, da ganinsa sabon zuwa. Yana hango ni ya fara sassauta gwiwa zai gaishe ni. Na ɗaure fuska.

“Kai, tsaya a tsaye. Ɗora ƙafarka nan.”

“Baba, na ɗau…”

“Na tambaye ka? Ɗora.”

Ya ɗora a kan ɗan akwatin da na sa a gabana. Na ɗaga wandon. Maɗaurai biyu a buɗe.

“Wannan ne ɗauri? Haka kake ɗaure kayanka in za ka hau jirgi? Wa zai yi jinyarka a ƙasar mutane?”

“A yi haƙuri, Baba.”

Na ɗame su ƙas, ƙas, na bugi ƙwaurinsa. “Wuce. Saura ka yi gudu.”

Ya wuce yana washe baki kamar na ba shi kyauta. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Na ji kunya ta kama ni, ba don na yi faɗa ba, sai don sauƙin da abin ya zo mini da shi. Wata biyu ina azabtar da gwiwata da murmushin aro, ashe kayan aikin suna cikin bakina tun haihuwa.

Larabawan ma haka. “Yalla, ya waladi, ƙafa!” sai ka ga mutum da gemunsa ya miƙo ƙafa yana “hadir, ya ammi.” Wani attajiri da ya ce shi ya yi zamiya a ƙasashe uku, na ce masa to wannan ce ta huɗu, kuma a nan ni ne hukuma. Ya yi dariya har ya riƙe bango, ya dawo mako na gaba da 'yan'uwansa don su ma a yi musu. Ranar Juma'ar farko mudir ya tsaya daga nesa yana kallo, hannu a aljihu, har layin ya ƙare. A karon farko maza suka riga matansu shiga. Da zai wuce ya ɗan taɓa kujerar da ƙafa, ya ce, “Wannan daga Faransa take?”

Ana saura kwana huɗu wa'adin ya cika injiniyan ya dawo, yana ɗan ɗingishi. Na ga mudir ya fito daga ofis, don shi ma ya gane shi. Mutumin ya karɓi takalmi, ya zo ya tsaya a gabana yana murmushi.

“Baba, na ɗaure.”

“Ka ce haka wancan karon, maƙaryacin banza. Ɗora.”

Ya ɗora. Huɗun duka a buɗe, da gangan. Na ɗame su ɗaya bayan ɗaya, na kama idon sawun da ya ji ciwo na tambaye shi ko yana zafi. Ya ce kaɗan. Na ce to yau kallo zai yi, ba zai hau tudu ba, ya shiga ya sha sanyi ya fito. Ya ce, “To, Baba.” A Faransa da sai an kira lauya kafin a hana mai tikiti hawa. Ya shiga ya zauna a bencin ƙanƙara kamar ɗan makaranta.

Ran Alhamis mudir ya sa hannu. Saƙon ya shigo wayata ina tsakiyar yi wa wani direba faɗa a kan safa. Na karanta sau biyu, na mayar aljihu, na ƙarasa faɗan, don ba a barin aiki rabi. Da na kai wa maiɗakina labari ta yi hamdala, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce tunda an samu abin da ake nema a dawo mata da kujerarta. Na sayo mata sabuwa ta roba. Har yau ba ta zauna a kai ba, kuma duk baƙuwar da ta zo sai ta ji labarin mijin da ya tafi aiki da kayan ɗakin matarsa.

Akwai abin da ya dawo mini daga baya, ina zaune a kan kujerar nan wata rana da ba mutane. Na tuna tsohon Baturen nan na shagon takalmi, sai na ji muryarsa, ba hotonsa kaɗai ba. Ashe bakinsa bai taɓa yin shiru ba. Yana durƙushe yana mita: wa ya ce a sa safa biyu, wannan ƙafar ta mutum ce ko ta agwagwa, tsaya cak mana. Maigidana yakan juyo ya tambaye ni me yake cewa, ni kuma, tafinta mai son zaman lafiya, in ce, “Yana yi muku barka da zuwa, ranka ya daɗe.” Kwana goma ina faɗin haka, har ni da na ƙaga maganar na yarda da ita, na ɗauko ta na riƙe shekaru, na zo na kusa korar kaina daga Jidda da ita.

Tudun kuwa har yanzu ban hau ba. Mudir ya sha cewa in gwada ko sau ɗaya, tunda ni ne wanda ya san duwatsu. Nakan ce masa ba ni da wanda zai duba mini takalmi.